Riga Mai Karnuka

"Kwanon Umma ne," in ji Yaya Ikilima. "Wanda take dama maka fura a ciki. Duk gidan nan shi ka ga ya dace da bakin kare?"

"Shi ne mai nauyi," in ji Baba. "Roba iska ke kifar da ita."

"To ka ɗora dutse a ciki."

Tana tsugune a bakin famfon tsakar gida, hannunta cikin safar leda. Ta ɗebi ƙasa daga tukunyar na'ana'a ta goge cikin kwanon, ta ɗauraye, ta sake ɗaurayewa. Wanki bakwai take yi masa duk ranar da ta zo, ɗaya da ƙasa, kamar yadda aka koya mata a makaranta.

"Ƙasar nan ma ba tamu ba ce," Baba ya ce. Maganarsa a ja take fita, ta gefen baki ɗaya. "Mu 'yan Malikiyya ne. Kakanki da ya tako daga Kano da ƙafa ruwa kawai yake sawa. Kuma a wurinsa jikin kare ba najasa ba ne."

"Kakana bai yi yawo a garin Manzo da riga mai karnuka ba."

Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙirjinsa. Rigar na jikinsa. Shuɗiya ce, mai gajeren hannu, an zana mata itatuwan kwakwa da karnuka sanye da baƙin tabarau, wani ma yana tsaye a kan allo a bisa ruwa. Ƙasa kuma zane ya ɗaura.

"Ka san sunan da yaran unguwa suka sa maka? Abu Kilab, uban karnuka. Jiya ɗana ya tambaye ni, ya Mama, wai Jaddi, kakana, ya haukace ne?" Ta juyo gare ni. "Kai kuma Ja'afaru, ka tsaya kamar gini. Ba kai ka kawo rigar gidan ba?"

Ni na kawo ta.

Ni ne auta. Da na gama sakandare ban samu gurbin jami'a ba, na shiga aikin lodin kaya a filin jirgi. Ni da Baba ne kawai a tsohon gidanmu, a ƙarshen Harra ta Gabas, inda gine-gine suka ƙare baƙaƙen duwatsu suka fara. Yaya Ikilima malamar makaranta ce, tana aure a unguwar Bani Harisa. Takan zo ta yi mana girki da wanki, ta yi faɗa, ta tafi.

Rigar wani ɗan Filifin ce da muke aiki tare. Ranar da zai koma ƙasarsu ya raba kayansa, ita ta faɗo a hannuna. Na cusa ta ƙasan sif na manta.

Baba direban bas ɗin alhazai ne kafin ya yi ritaya. Umma ta rasu, ba a jima ba hawan jini ya buge shi, ɓarin hagu ya shanye. Maƙwabcinmu Abdulazeez, wanda ake kira Abu Huda, shi ya ɗauko shi daga ƙofar masallaci a kafaɗa ya kai shi asibiti. Da aka sallamo shi ya zauna a ɗaki. Likita ya ce ya yi tafiya kullum. Bai yi ba. Bango yake kallo. Abinci sai an yi da gaske. In na yi masa magana da Larabci ya yi shiru, in na gwada Hausa ya gyara mini kalma ɗaya ya sake yin shiru. Na fara laɓewa a ƙofar ɗakinsa kafin in tafi aiki, ina sauraron ko yana numfashi.

Jallabiya ce ta fi ba shi wuya. Sai an ɗaga hannu sama an zura kai, shi kuma hannun hagu ba ya ɗaguwa. Ni nake sa masa. Yakan rufe ido har in gama, kamar ana yi masa wankan gawa.

Wata safiya na dawo daga aiki na tarar ba ya ɗaki. Sandarsa ba ta nan. Sif ɗina a buɗe. Na fita bayan gida na hango shuɗin abu a cikin duwatsu, yana motsi a hankali.

"Gabanta a buɗe yake," ya ce da na iso. "Na sa da kaina."

Nesa kaɗan da shi kare ne tsaye. Ja-ja, siriri, kunne ɗaya a yage. Yana kallona, ina kallonsa.

"Kar ka matso. Ba ya son mutane."

Ashe ya jima yana ganinsa ta taga, yana lasar ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Ranar nan ruwan bai ɗiga ba. Shi ya sa ya fito.

Tun daga nan kullum bayan asuba sai ya sa rigar, ya rataya gorar ruwa, ya saƙala kwanon Umma a hammata. Ba ya salla da ita, saboda hotunan. Sai ya idar yake sawa. Karen ba ya shigowa gida, Baba ma bai taɓa neman ya shigo ba. A bakin duwatsu suke haɗuwa. Ya sa masa suna Ɗan Dutse. Da Hausa yake yi masa magana, doguwar magana, irin wadda ban taɓa jin ya yi mana ba. Farko iyakarsu wata bishiyar ƙaya da ke kusa da gida. Daga baya suka wuce ta. Kafin tsakiyar zafi sun kai tsohuwar rijiyar da ba a hango ta daga taga.

Ya fara cin abinci. Ya fara zagina in na bar takalmi a hanya.

Dakta Sulaiman, ɗan Zariya ne, yana aiki a wani asibiti a cikin gari, masallacinmu ɗaya. Yakan leƙo ranar Juma'a ya auna Baba. Ranar ya auna sau biyu, ya cire abin daga kunnensa.

"Malam Abdussamad, me kake sha ban da abin da aka rubuta maka?"

"Iska."

"To ka ƙara." Ya dubi rigar a rataye a ƙusa, ya danne dariya. Da na rako shi waje ya rage murya. "Jinin ya sauka sosai. Ƙafar ma ta yi ƙarfi. Tafiyar ce, amma ba ita kaɗai ba. Mutum in ya san wani na jiransa da safe, zuciyarsa ma daban take bugawa. An yi bincike a kan masu kiwon kare, an ga haka. Mu ba ma son faɗa ne kawai."

"In aka hana shi fa?"

Ya tsaya da makullin mota a hannu.

"Bugun farko da hawan jinin ya yi masa ya zo da sauƙi, Ja'afaru. Na biyu ba ya zuwa haka. Kar ku bari ya koma ɗakin nan ya zauna." Ya duba hagu da dama. "Amma kar ka ce a masallaci ni na faɗa."

Na gaya wa Yaya. Ta ce akwai na'urar tafiya da ake ajiyewa a falo, mijinta zai saya.

Sai abin Huda ya faru. 'Yar Abu Huda ce, ajin farko take. Ta fito jiran motar makaranta, karnuka suka ɓullo daga wajen bola, ta ruga, ta faɗi a kan dutse. Ba su taɓa ta ba. Amma goshinta ya tsage, hannu ya karye. Na ga jinin a kan farin kallabinta. Ɗan Dutse ba ya cikinsu, a lokacin yana wajen rijiya tare da Baba. Babu wanda ya tambaya.

A rukunin WhatsApp na unguwa aka fara rubutu. Ba a ambaci sunan Baba ba. Aka ce akwai masu ciyar da karnukan. Aka ce wanda ya ba ɗaya ruwa ya gayyato goma. Wani ya sa hoton Baba ta baya, daga nesa, shuɗin rigar kawai ake gani. Babu wanda ya yi dariya a ƙarƙashin hoton. Da an yi dariya da hankalina ya fi kwanciya.

A makon ne na fara ganin wuyan kaji a bakin duwatsu, a kan takardar gwangwani mai ƙyalli, an jera su a tsanake. Ban san wa ke ajiyewa ba. Kare na farko na gan shi a gefen bola, ƙafafu a miƙe, kumfa ta bushe a bakinsa. Washegari biyu. Har da wata mage. Rana na dukansu, warin yana shigowa har ɗaki in iska ta juyo. Haushin da muka saba ji daga cikin duwatsu ya yi ta raguwa, har ya ɗauke.

Ɗan Dutse ya rage. Yakan wuce wuyan kajin ko sunsunawa ba ya yi. Ba ya cin komai sai daga hannun mai shuɗiyar riga.

"Ya fi ku wayo," in ji Baba. Amma ya daina barci bayan azahar. Yakan zauna a taga yana kallon duwatsu.

A cikin wannan hali ne aka yi faɗan kwano. Ranar, bayan la'asar, Abu Huda ya yi sallama. Ya shigo da ledar dabino, ya sumbaci kan Baba, ya gaishe shi da Larabci, yana kiransa Ammi, wato kawu.

"Ammi Abdussamad, kef sihha? Masha Allah, ka yi kyau. Jiki ya dawo."

"Alhamdu lillahi. Yaya yarinya?"

"Tana nan. Ba ta barci. Ko mage ta yi motsi sai ta yi ihu." Ya karɓi shayi bai sha ba. "Ammi, ka san matsayinka a wurina. Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Saura naka."

"Ba nawa ba ne. Na Allah ne."

"To, na Allah. Surukina yana da gona a bayan gari, da tumaki. Yana neman mai gadi. Kare na gadi halal ne, babu malamin da ya hana. Zai ci, zai sha, zai samu inuwa. Kai ka huta da surutu, mu mu huta."

"Ba zai bi ka ba."

"Na sani. Na gwada." Ya yi saurin kurɓar shayin. "Yani, na gwada kiransa. Ka ara mini rigar safiya ɗaya. Kar a wanke ta. In ya ji warinka zai matso, in sa masa igiya."

Na ce, "A me za ka ɗauke shi?"

Ya juyo kamar yanzu ya gan ni. Motarsa ƙarama ce, kujerunta an lulluɓe su da farin yadi, ko yaransa ba sa cin biskit a ciki.

"Wannan ka bar mini, ya Ja'afar."

"Ina gonar take?"

"Bayan gari na ce."

Baba ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan maɓallin rigar.

"Abdulazeez, ka ɗauke ni a kafaɗarka. Ban manta ba, ba zan manta ba. Ka roƙi wani abu."

"Ban da abin roƙo sai wannan."

"To ka yi haƙuri."

Abu Huda ya ajiye kofin. Bai ɗaga murya ba. Ya sake sumbatar kan Baba, ya ce Allah ya ƙara lafiya. A soro ya tarar da Yaya Ikilima tana ɗaura niƙabi za ta tafi. Tare suka taso, tare suka yi makarantar allo a soron kakanmu. Na ji suna magana ƙasa-ƙasa da Larabci. Na ji ta ce "halas", wato shi ke nan, ban ji sauran ba.

Ta dawo ciki, ta ce ta manta ba ta kwashi wanki ba.

Kwana biyu babu abin da ya faru. Wuyan kaji ya daina bayyana. Yaran da ke kiran Abu Kilab suka daina. In Baba ya wuce, maza a ƙofar shago sukan amsa sallamarsa da kyau, fiye da da. Liman ya yi huɗuba a kan haƙƙin maƙwabci, bai dubi kowa ba. A wurin aiki na jefa akwatin wata hajiya a motar da ba tata ba, shugabanmu ya tambaye ni ko ina shan wani abu.

Ranar Alhamis Yaya ta zo da fara'a. Ta kawo masa da miyar taushe, abin da Baba ya fi so. Ba ta yi maganar kwano ba. Ta zauna kusa da shi tana yanke masa farce.

"Abuya," haka take kiran Baba, "ɗakin baƙinmu babu kowa. Akwai lif. Masallaci na ƙasan gini."

"Akwai duwatsu?"

"Akwai jikokinka."

"Su zo nan."

Ta yi dariya. Ta daɗe riƙe da hannunsa na hagu, wanda ba ya ji. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta share da gefen mayafi.

"Tsoro nake ji," ta ce da Hausa, ita da ba ta cika yi ba. "Ranar da za ka faɗi a can, wa zai gan ka? Kare ne zai kira mota?"

"Da a ɗaki na faɗi, bango ne zai kira?"

Ta ci gaba da yanke masa farce.

Da ya shiga alwalar magariba ya rataye rigar a ƙusa. Na ga ta zura hannu cikin leda ta ɗauko ta, ta juya ledar ta ƙulle bakin tamau. Haka take yi mata kullum, ba ta yarda ta taɓa sauran kaya. Ta ce injinmu ba ya fitar da datti, za ta wanke a gidanta ta dawo da ita. Ina cin masa. Na ɗaga kai na ce to.

Juma'a ba ni da aiki. Bayan asuba na ji sandar Baba tana bugun ƙasa, daga ɗaki zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa ɗaki.

"Ja'afaru. Rigata."

"Yaya ta tafi da ita wanki."

Ya tsaya.

"Wanki."

"Haka ta ce."

Da na faɗa da bakina sai na ji yadda maganar take. Na ɗauki waya na kira ta. Ta yi ta ringi. Na sake kira, aka kashe.

"Sa mini jallabiya," in ji Baba. "Yi sauri."

Ba ta sawuwa da sauri. Hannun ya ƙi, wuyan ya maƙale a kunnensa, yana huci a cikin yadin. Da kan nasa ya fito daga wuyan na ga jijiyar gefen goshinsa ta tashi. Na ce ya zauna in je ni kaɗai. Ya ture ni da sanda. Ko gorar ruwa bai ɗauka ba.

Motar Abu Huda tana ƙofar gidansa, a rufe da tampol.

Muka shiga duwatsu. Wanda bai san Harra ba ba zai gane ba. Babu ƙasa, sai baƙin dutse mai kaifi kamar fasasshiyar tukunya, kowane yana motsi in an taka. Da zane Baba ya saba bi. Jallabiyar ta yi ta kama ƙafarsa mai ja. Sau biyu ya yi tuntuɓe. Na shiga ƙarƙashin hammatarsa ta hagu, nauyinsa duka ya dawo kaina. Ina jin bugun zuciyarsa a haƙarƙarina. Bai kira karen ba. Numfashin bai isa ba.

A wajen ƙayar babu kowa. Nan Ɗan Dutse ya saba jiran Baba.

Muka ci gaba. Rana ta fara leƙowa, iska mai ɗumi tana bugun fuskarmu. Da muka hau ɗan tudun da ake hango rijiya, Baba ya tsaya cak.

Can ƙasa, nesa, shuɗiyar riga. Mutumin ya ɗaura zane. Har sanda ya riƙe. Yana tafiya a hankali yana jan ƙafar hagu, ya koyi tafiyar sosai. Ya kai bakin rijiya ya tsuguna. Babu igiya a hannunsa. Wani abu ne mai ƙyalli, irin takardar wuyan kajin nan, ya buɗe shi a kan dutse, ya miƙa hannu.

Ɗan Dutse yana tsaye a kan wani dutse sama da shi. Ya ɗaga hanci. Wutsiyarsa ta motsa sau ɗaya, ta tsaya.

Baba ya buɗe baki. Abin da ya fito ko ni da ke manne da shi da kyar na ji.

Na yi ihu. Na kira sunan Abu Huda, na kira na karen. Iska ta dawo mini da rabin muryar. Mutumin bai waiwayo ba. Karen ya waiwayo. Ya dube mu, mutum biyu cikin fararen kaya a kan tudu, ɗaya yana ihu. Ya sake duban mai shuɗiyar riga, wanda ke tsugune shiru kamar kullum.

Ya sauko taki ɗaya.

Na so in ruga. Na fara zare kafaɗata, sai gwiwar Baba ta lanƙwashe, sandar ta kuɓuce ta gangara cikin duwatsu. Na sake riƙe shi da hannu biyu. Jikinsa ya yi zafi, gefen bakinsa yana rawa. In na sake shi a nan, a kan kaifin nan zai faɗi.

Karen ya sake saukowa. Yanzu wutsiyar tana kaɗawa sosai.

Baba bai ɗauke ido daga can ba. Yatsunsa suka nutse a hannuna.

"Ja'afaru," ya ce. "Wa ya ba shi rigata?"